Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiyarmu ta Masu Tsofaffin Kekuna a Kaduna

Assalamu alaikum. Iyayen ƙungiya, dattawanmu masu gyara, da sauran 'yan'uwa mambobi, bayan gaisuwa da fatan alheri, ga bayanin abin da kwamitin gudanarwa ya yi da amanar da kuka ɗora masa a shekarar da ta ƙare. Lissafin shige da ficen kuɗi yana hannun Ma'aji, shi zai karanto shi a zauren taro.

Babban aikin bana shi ne rajistar kekuna. A taron bara kun yanke cewa duk keken da mamba ya mallaka a shigar da shi littafi, da sunan kamfani, da lambar firam, da hoton tambarin gaba, da shekarar da aka ƙera shi. Wannan ta ƙarshen ita ta fi cin lokaci, ita ce kuma ta fi jawo musu. Kusan duk wanda ya turo baƙin Raleigh gabanmu cewa yake tun zamanin Turawa yake gidansu. Ba ma ƙaryata kowa, domin abin da mutum ya ji daga bakin mahaifinsa yake faɗa. Amma littafin ƙungiya zai daɗe bayanmu, shi ya sa kwamiti ya kafa ƙa'ida: ba a rubuta wa keke shekara sai an sami shaidu biyu da suka yi daidai, ɗaya daga jikin firam, ɗaya daga kayan da ke ɗaure da shi. In ba su haɗu ba, sai a rubuta "tsakanin shekara kaza da kaza". Wasu sun ji zafin hakan, mun sani, amma har yanzu muna ganin shi ne daidai.

Shaidar da ta fi sauƙin karantawa tana kan hob, wato cibiyar wili, na baya na kamfanin Sturmey-Archer mai giya uku. Kamfanin yana buga shekara da wata a jikin ƙarfen. Wani dattijo daga Tudun Wada, tsohon ma'aikacin masaƙa a Kakuri, ya kawo nasa hob ɗin ya yi baƙi ƙirin da giris da ƙura, har ba a ganin ƙarfen. Ɗaya daga cikin yaranmu ya tsuguna da kalanzir a murfin gwangwani da tsohon buroshin haƙori, yana gogewa a hankali, sai ga harufan AW sun fito, ƙasa da su kuma 68 da 11, wato Nuwamba 1968. Baba ya sa tabarau ya duba da kansa, ya ce lallai kuwa wansa ya saya masa shi ana tsakiyar yaƙin basasa. Samfurin AW ya fito tun 1936, an kuma daɗe ana yin sa ba tare da wani babban sauyi ba, don haka kamanninsa kawai ba ya nuna shekara, sai an karanta lambar. Hob ɗin gaba mai ba fitila wuta, Dynohub, shi ma da tasa lambar. Sai dai a riƙa tunawa cewa wili abu ne da ake canzawa, kuma yawancin kekunan da suka shigo rajistarmu marasa giya ne, ba su da wannan shaidar sam.

A nan ne firam yake da amfani. Daga 1974 Raleigh ya daidaita lambobinsa: harafin farko na masana'anta ne, N na Nottingham, W na Worksop inda ake yin kekunan tsere; harafi na biyu yana nuna lokacin shekara, adadin farko kuma shi ne ƙarshen shekarar. Matsalar ita ce 7 tana iya zama 1977 ko 1987, sai an haɗa da wata alamar. Wanda ya fara da W ma bai tsira daga wannan ruɗanin ba, domin ko da aka rufe masana'antar Worksop a 1981 an ci gaba da buga W a Nottingham. Lambobin da suka gabaci 1974 sun fi wuya, muna taka-tsantsan da su. Malamanmu masu gyara sun koya mana wata dabara da ba ta buƙatar takarda: tiredi, wato haƙoran da ake murɗa noti a kansu, na Raleigh na Nottingham 26 ne a kowane inci, na sauran kamfanonin Ingila 24. Phillips da Hercules 'yan Birmingham ne asali, sai bayan haɗewar da aka yi a 1960 aikinsu ya koma Nottingham. Saboda haka in ka ga Hercules da kwaf ɗin Raleigh, wato murfin da ake murɗawa a gindin feda, ya shige shi lafiya lau, to bayan 1960 ne. Haka Humber da Rudge, Raleigh ya saye su tun 1932 da 1943.

Akwai kuma batun tambari. Kan zalɓen nan, tambarin Raleigh da ke gaban keke, ƙusa ce kawai ta riƙe shi, kuma mun ci karo da Phoenix ɗan Shanghai da Hero ɗan Ludhiana sanye da shi. Waɗannan kekuna ba abin rainawa ba ne, su suka ɗauki buhunan hatsi da jarkokin ruwa na ƙauyukanmu shekara da shekaru, kuma muna rajistarsu da sunansu na gaskiya. Raleigh ɗin da aka haɗa a Kano shi ma mun ware masa shafi na musamman, domin tarihinmu ne na gida, kuma shi ne muka fi ƙarancin takardu a kansa.

Kekunan tsere na gwanjo su suka fi jawo matasa cikin ƙungiya bana. Karatunsu daban ne. A bayan kayan Shimano akwai ƙananan harufa biyu: na farko shekara, A tana nufin 1976, B 1977, haka har Z a 2001, na biyu wata, daga A Janairu zuwa L Disamba. Campagnolo na Italiya yakan buga shekara kusa da kalmar PATENT a kan mai canza giya na baya, a kan hannun feda kuma adadi ɗaya cikin zane mai kusurwa huɗu na shekarun 1970 ne, cikin da'ira na shekarun 1980. Faɗin wurin da wilin baya yake shiga ma yana magana: milimita 120 na zamanin giya biyar ne, 126 na shida da bakwai, 130 na takwas zuwa sama. Takardar Reynolds 531 kuwa, wadda matasa ke rububi a kai, ingancin bututun take nunawa, ba shekara ba, domin tun 1935 ake yin sa.

Wani farin Peugeot da aka kawo daga Barnawa ya nuna amfanin ƙa'idar shaidu biyu. Mai canza giyarsa Shimano ne mai harufa JC, Maris 1985, mai shi kuma ya riga ya ɗauka shekarar keken ke nan. Amma birkinsa Mafac ne, sandunan canza giyar Simplex ne na roba, wuyan da ke riƙe da kan keken milimita 22 ne cif irin na Faransa, ga faɗin baya 120. Keken ya girmi abin da aka ɗaura masa, can Turai wani ya canza shi da na asalin ya karye. Mun rubuta shi a shekarun 1970. Tun da zakin Peugeot sananne ne a garin nan, muna ƙara tunatarwa cewa motoci aka fara haɗawa a Kakuri a 1975, kekunan daga waje suka zo.

Abin da ya fi ɓata mana rai shi ne fenti. Mutum ya sami keke mai daraja, don ƙaunarsa sai ya kai a kankare shi da injin goge ƙarfe, a shafe da foti, a fesa masa sabon launi, a manna takardun kasuwa. Lambar firam ta cike, zanen zinariya na asali ya tafi, ba kuma mai dawo da su. Kekuna masu kyau sun zo mana a haka, ba abin da muka iya rubutawa a gaban sunansu. Don Allah, 'yan'uwa, kafin keke ya je wurin mai fenti ko mai walda, a kawo shi a ɗauki hotonsa a kwafe lambobinsa. Tsatsa ta sama-sama mai da tsumma suna maganinta.

Sauran ayyuka a taƙaice. Mun riƙa zagayawa Panteka da wuraren 'yan gwangwan, inda muka ceto firam-firam da hob-hob da ake shirin aunawa a kilo. Suna ajiye a ɗakin ƙungiya, mai buƙata ya ga Ma'aji. Mun yi hawan haɗin gwiwa ranar 3 ga Yuni, Ranar Keke ta Duniya, an tashi lafiya an sauka lafiya. Dattawa masu gyara sun zauna da yara a ranakun Asabar suna koya musu ɗaurin sufok da fitar da kota ba tare da an lanƙwasa ta ba, Allah ya saka musu da alheri. Taya ta ci gaba da ba mu wahala: mambobi na sayen 700C su ce ta ƙi shiga rim ɗin inci 27, alhali ɗaya milimita 622 ce, ɗayar 630, ta babban keke mai birkin ƙarfe kuma 635. A duba rubutun gefen tsohuwar taya kafin a je kasuwa.

A shekara mai zuwa kwamiti yana neman amincewarku kan abu biyu. Na farko, a sayi ma'aunin tiredi da ma'aunin kaurin bututu su zama na ƙungiya, a daina aro. Na biyu, a ɗauki muryoyin tsofaffin ma'aikatan masaƙu da na jirgin ƙasa da dillalan keke, su ba da labarin inda suka saya da nawa suka biya. Duk wanda yake da tsohon rasit, ko lasin keke na zamanin En'e, ko hoton mahaifinsa riƙe da kekensa, ya zo da shi ranar taro. Za a ɗauki hotonsa a mayar masa nan take.

Wassalam.
Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa.