Rahoton ayyukan ƙungiya na shekarar 2024, Damagaram

Assalamu alaikum 'yan uwa, maza da mata.

Ga rahoton abin da muka yi a ƙungiyarmu ta masu haɗa bidiyon barkwanci, da abin da ya gagare mu a 2024. Taron wata-wata an yi shi a fadar da muka saba, an sha shayi, kuma waɗanda suka saba zuwa su ne suka zo.

Abin da ya fid da mu kunya bana shi ne daren barkwanci na watan Disamba. Mun sa shi ya dace da cika shekara 10 da rasuwar Rabilu Musa Ɗan Ibro, wanda ya rasu ranar 10 ga Disamba 2014, Allah ya jiƙansa da rahama. Yawancinmu a kaset ɗinsa muka fara ganin yadda ake ɗauko waƙar da ke tashe a juya mata baiti ta koma abin dariya, don haka da addu'a gare shi aka buɗe. Ɗaya daga cikin iyayen ƙungiya ya ba mu farfajiyar gidansa a unguwar Zango kyauta, Allah ya saka wa Alhaji da alheri. Kujerun da muka ɗauko haya ba su kai ko'ina ba. Mata suka shimfiɗa tabarmi, yara suka hau katanga, ga sanyin hunturu yana busawa amma ba wanda ya motsa har aka kashe majigi.

Bidiyo 9 aka nuna a gasar da aka yi a daren. Wanda ya zo na ɗaya kun san shi, na famfo. Ga waɗanda ba su zo ba, kuma suna da yawa: saurayi ne cikin jan kwat da baƙin tabarau irin na jaruman fim ɗin soyayya, ya durƙusa gaban famfo, wai ita ce budurwarsa, riƙe da furen roba yana rera mata begensa. Ita kuma, da muryar ɗaya daga cikin ƙannenmu mata, tana amsa masa cewa ƙarfe uku na dare za ta zo, in bai gan ta ba ya ƙara haƙuri, masoyin gaskiya ba ya gajiya. A bayansu 'yan ga-ruwa sun yi layi da kurarsu da jarkoki ruwan ɗorawa, suna taka rawa ɗaya kamar 'yan amshi. Da aka zo wurin da famfon ya yi tari ya hura iska kawai, saurayin ya dafe ƙirji ya sulale ƙasa, wata gwaggo a layin gaba ta yi dariya har ɗankwalinta ya faɗi. Sau biyu jama'a suka sa aka maimaita. Da waya ɗaya aka ɗauki wannan aiki, aka haɗa shi da manhajar CapCut. Na biyu shi ne guntun fim ɗin Indiya da aka ɗora wa muryar Damagaram, jarumi da mugu suna hararar juna amma rigimar tasu ta ɗan kabu-kabu ce da fasinja a kan canjin dala biyar.

Wani dattijo daga unguwar Birni ya nemi magana bayan an raba kyaututtuka, kuma na so a ce kowa ya ji shi. Ya tuna mana cewa garin nan ya san kwaikwayo tun kafin a san waya. A wasan kara samari kan haɗa kayansu da karan dawa su fito suna kwaikwayon manya da masu mulki, tafiyarsu da maganarsu, jama'a na dariya. Ga kuma tashe da yara ke yi cikin azumi. Wannan ita ce amsarmu ga masu cewa mun ɗauko shashancin intanet mun shigo da shi gari. Amma wasan yana da iyaka, shi ya sa alƙalai suka cire bidiyo biyu tun kafin daren, ɗaya yana tsokanar mai lalura, ɗaya kuma kowa zai gane matar da ake nufi. Masu su sun yi fushi. Kwamiti yana nan a kan bakansa.

Yanzu ga abin da ba a yi ba, tunda na ji ana ta gunaguni.

Tashar bidiyon ƙungiya ba ta tsaya da ƙafarta ba, kuma ba lalaci ba ne. Yawancin ayyukanmu a kan kiɗan waƙoƙin fim aka ɗora su, su kuwa waɗannan dandali suna da na'urar da ke gane kiɗa ko da an canza baitin. Da ta gane shi sai a kashe sautin ko a toshe bidiyon, don kiɗan yana da mai shi. Barkwanci kuma in babu sauti, me ya rage? Mafita ɗaya ce, a je situdiyo mai fiyano ya buga mana namu. Na famfo kaɗai muka iya yi wa haka, shi ya sa shi kaɗai ke yawo lafiya a TikTok da WhatsApp. Sauran suna cikin memori suna jiran kuɗi.

Koya wa 'yan makaranta haɗa bidiyo, wanda muka yi alkawari a taron bara, damina ce ta rushe shi. Kowa ya ga ruwan bana. A farkon Satumba tsohon masallacin ƙasa na Birni, wanda ke tsaye tun ƙarni na 19, ya faɗi, kuma gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba. A cikinmu ma akwai waɗanda ɗakunansu suka zube. Kwamiti ya ga bai dace mu riƙe kuɗin horo ba alhali 'yan uwa suna kwana a waje, sai aka ba su gudummawa. Wanda yake ganin an yi ba daidai ba ya zo taro ya faɗa a gaban kowa, ya daina faɗa a bayan ido.

Tafiya Kano kuwa, don mu ga situdiyoyin Zoo Road mu ga yadda ake haɗa waƙar fim daga kiɗa zuwa ɗora murya, a bara muna da hujjar rufe iyakar Nijar da Najeriya. Tun watan Maris aka buɗe ta. Bana babu wata hujja sai aljihu. Makirfon ɗin da aka ce za a saya ma haka.

Ga lissafi, kowa ya duba da kansa. Mutum 58 ne a rajista, kuɗin wata sefa 500, dala ɗari ke nan. Da kowa ya biya da mun tara sefa 348,000. Abin da ya shigo 127,500 ne. Mutum 14 suka biya shekara cif, 19 suka biya wani abu, 25 ko dala ba su ba da ba. Daren barkwanci ya ci 74,000: kujeru da rumfa 20,000, hayar lasifika da majigi 25,000, man gurup (injin wuta) 7,000, kyaututtuka 15,000, ruwa da shayi 7,000. Kiɗan situdiyo 15,000, gudummawar ambaliya 20,000, shayi da sukari na taruka 12,000. Saura 6,500 a akwati, rasitai kuma suna wurin ma'aji.

Abin da ke ci mini rai shi ne waɗannan 25 ba ɓata suka yi ba. Ranar da sabuwar waƙa ta fito, su ne kan gaba a zaurenmu na WhatsApp, ana musu har tsakar dare a kan wane mawaƙi ya fi murya, wane ne na'ura ke gyara wa maƙogwaro. Ina tura saƙon kuɗin wata sai wuri ya yi tsit, ga alama shuɗiya ta nuna an karanta. Mai sayen data kullum don kallon bidiyo ba zai ce mini dala ɗari a wata ta fi ƙarfinsa ba. Akwai wanda in ya hango ni a kasuwar Dole sai ya kara waya a kunne ya canza layi. Yaya, ba bashina ba ne, aikin sa kai nake yi kamar kowa. Kuma wasu daga cikinku na gan ku a kujerun gaba daren Disamba, har da baƙinku. Masu uzuri na gaskiya, marasa aiki da ɗalibai, sun zo sun yi magana an ɗaga musu ƙafa, ba da su nake ba.

Kwamiti zai kawo shawara biyu gaban babban taro, Asabar ta farko a watan Janairu bayan la'asar. Ta farko, wanda ake bin sa wata 6 ba tare da uzuri ba a cire shi daga zaure da rajista. Ta biyu, bidiyon mutum ba zai shiga gasa ba sai ya cika kuɗinsa. A ranar za a yi zaɓe, kuma ina roƙon a samu wani ya karɓi littafin kuɗin wata, ni in tsaya ga rubutu. Mai son biya kafin nan ya kai wa ma'aji hannu da hannu ko ya tura ta waya ya aiko da shaida. Wanda ya tafi da doguwar wayar wuta daren barkwanci kuma ya maido ta, ta Alhaji ce.

Wassalam,
Sakataren ƙungiya