Zuwa ga mutumina, daga Tunisiya

Assalamu alaikum, Sarkin Tsiya.

Ina fata kana lafiya, da Inna da amarya da yara. Saƙonka ya iso, har da baƙar maganar da ka cusa a ƙarshe, wai na yi shiru kamar an aiki bawa garinsu. Ka kuma tambayi ranar dawowata. Wannan sai wani jiƙon, yanzu dai bari in fesa maka labari, tunda kai ne ka bi gari kana cewa na haye Sahara don in tsinci tsingaro.

To, na tsinta! A ramin da aka ba ni a kufan da muke tono, na ci karo da gindin wani babban faranti na jan yumɓu, da ɗan leɓensa. Da na wanke sai ga gicciye an danna da hatimi a tsakiya, da tantabara a gefe. Malamarmu ta juya shi, ta shafa leɓen da yatsa, ta ce "Hayes 104." Haka suke magana a nan. Wani Bature ɗan Ingila, John Hayes, shi ya bi irin waɗannan kwanuka a 1972 ya ba kowane fasali lamba, har yau da lambobinsa ake kiransu. Lamba 104 kuwa ta ƙarni na 6 ce. Ka ga ke nan daɓen da muka tono farantin a ƙarƙashinsa ba zai girmi wannan zamani ba, alhali tun da muka fara ana ta musu a kan shekarunsa. Wani ɗan Italiya da ya kafe a kan ƙarni na 4 ya yi tsit. Na so a ce kana wurin.

Kar ka ce tukunyar ruwa ce irin ta tsakar gida. Kwanukan cin abinci ne na fita kunya, an tsoma su a ruwan jan yumɓu mai laushi kafin gashi, suna fitowa da ɗan sheƙi. A nan ƙasar aka yi ta ƙera su tun ƙarni na 1 har zuwa na 7, a wurare irin su El Mahrine da Oudhna da Sidi Marzouk Tounsi. A wasu wuraren cikin wani akwatin yumɓu ake jera su a gasa, don kada hayaƙi ya ɓata jan. Adon ma yayi gare shi: a ƙarni na 4 ganyen dabino ne da 'yan da'irori, daga baya gicciye da tumaki da tsuntsaye suka karɓe fage. Wasu kuma an manna musu siffofi, zakuna ko ƙissar Annabi Yunusa da kifi. Saurin sauyawar yayin nan shi ya sa ɗan guntu yake faɗa mana zamani, wani lokaci ma fiye da kuɗin ƙarfe, don kuɗi na iya daɗewa yana yawo a hannun mutane.

Af, wai da gaske ne Dogo ya ƙara aure? Da wane kuɗin? Ka ce masa ban manta da batun babur ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne taurin kan maginan nan. 'Yan Bandal, wata ƙabila daga Turai, suka ƙwace Kartaj, babban birnin ƙasar nan a lokacin, daga hannun daular Rum a 439, Rumawan Gabas suka karɓe ta a 533, su dai magina suna ta murza yumɓu suna loda wa jiragen ruwa. Sai wajen zamanin da Larabawa suka ci birnin a 698 sana'ar ta mutu. Kuma ka ji nisan da kayan suka yi: an tono su a Tintagel, can ƙuryar Ingila, an kuma tono su a Jarma ta Fazzan, cikin hamadar Libiya, yankin da daga baya ayarin Barno ke ratsawa. A ganina an cika yayata rushewar daular Rum kamar a dare ɗaya komai ya watse. Wanda ya ci tuwonsa a farantina bai san an rushe ba. (Na san ba tuwo ba ne, kar ka fara.)

Yanzu damuwata ɗaya ce. Malama ta ce in zana farantin, in rubuta bayaninsa da Faransanci don rahoton bana. Kai ka san Faransancina, da shi da Larabcinka jirgi ɗaya ya kwaso su. Zanen ma sai an auna faɗin baki daga ɗan leɓen da ya rage, hannuna kuwa rawa yake. Ka sa Inna ta yi mini addu'a.

Abinci dai kuskus ne da safe, kuskus da dare. Barkononsu harisa ba laifi, amma bai kama ƙafar yajin amarya ba. In ka sami mai tahowa, a ƙullo mini shi da kilishi, kuma kada ka ba Dogo ajiyar.

Ka gaida mutanen majalisa, ban da mai shayi, sai ya yafe bashin.

Naka,
Mai Tsingaro