Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kamfanin Da Ya Buga Mana Littafin Lissafi Na Aji Huɗu

Zuwa ga Manajan Darakta,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare, kuma littafinku na aji huɗu shi ne hukumar makarantarmu ta wajabta wa iyaye su saya a bana. Na rubuto muku ta adireshin da ke bayan littafin, shiru. Na kira lambar, wata baiwar Allah ta ce za a duba, har yau ana dubawa. Shi ya sa na fito da maganar fili, tunda ba ɗalibaina kaɗai ke riƙe da littafin ba.

Ƙorafina a kan babin auna siffofi ne, wurin da kuka zo kan frustum. Ga wanda ya manta: idan aka ɗauki dala irin ta Masar, ko kuma siffa mai gindi zagaye da kai mai tsini, aka datse kan a miƙe daidai da shimfiɗar gindin, abin da ya rage a ƙasa shi ne frustum. Bokitin da ake ɗebo ruwa da shi siffarsa ke nan, an dai juya shi ne faɗin ya koma sama.

Tun daga kan babin har ƙarshensa kun rubuta frustrum, da ƙarin harafin r wanda babu shi a kalmar. Da a nan abin ya tsaya, da na gyara a kan allo na yi gaba, domin kuskure ne da ya daɗe yana yawo, har Turawan ma suna yin sa. Amma sai ga wani ɗan akwati a gefen shafin, an yi masa ado da launi, yana gaya wa yara wai kalmar ta fito ne daga frustrate, saboda an hana siffar kaiwa ga tsininta, wato an ba ta takaici. Wa ya ba ku wannan labari? Kalmar Latin ce, frustum, ma'anarta yanki ko gutsure, kuma Romawa har lomar abinci suna kira da ita. Ta shigo Turanci a tsakiyar ƙarni na 17. Ita kuwa frustrate ta biyo ta wata kalmar Latin ce daban, frustra, wato a banza. Kama da wane ba ta wane. Asalin na gaskiya ma ya fi taimakon ɗalibi, don yana gaya masa kai tsaye cewa yanki ne aka gutsuro daga cikakkiyar siffa, kuma wannan ita ce hanyar warware yawancin tambayoyin: a cika siffar, a lissafa babbar, a cire ƙaramar da aka datse.

Babban abin da ya tayar mini da hankali shi ne misalin da kuka warware. Bokiti mai tsayin santimita 30, rabin faɗin bakinsa 15, na gindinsa 10. Marubucinku ya haɗa 15 da 10 ya raba biyu, ya samu 12.5, ya yi lissafi kamar bokitin gwangwani ne miƙaƙƙe, ya fito da kimanin santimita kubik 14,726. Ba haka ake yi ba. Ana ninka 15 da kanta, a ninka 15 da 10, a ninka 10 da kanta, a tara a samu 475, a ninka da sulusin tsayin, sannan da π, wato lambar nan ta lissafin da'ira da ta kai kimanin 3.14. Amsar ta kai kimanin 14,923. Bambancin ya kusa kashi ɗaya cikin biyar na lita. Mai sayar da ruwa ba zai damu ba, amma mai duba takardar WAEC ko NECO ba zai ba da makin ba, tunda hanyar ma ba daidai ba ce. Wata yarinya a ajina, mai ƙoƙari ƙwarai, ta yi aikin gida daidai, da ta duba littafinku sai ta goge nata da kanta ta kwafi naku. Na ga alamar gogewar a takardarta, amsar gaskiya tana leƙowa ta ƙarƙashi. Yaro ya fi yarda da bugaggen rubutu a kan hankalinsa, wani lokaci ma a kan malaminsa.

Abin kunyar shi ne wannan lissafi ba sabo ba ne. Akwai wata takardar Masarawan dā da ke ajiye a gidan tarihi na Pushkin a Mosko, wadda aka rubuta wajajen shekara ta 1850 kafin haihuwar Annabi Isa. Tambaya ta 14 a cikinta dala ce datsattsiya, gindinta kamu 4, samanta kamu 2, tsayinta 6. Magatakardan ya ninka 4 da kanta, 4 da 2, da 2 da kanta, ya tara 16 da 8 da 4 ya samu 28, ya ninka da sulusin 6, ya rubuta 56, kuma daidai ne. Da hanyar littafinku ya bi, 54 zai samu. Shi mutumin, da alƙalamin kara yake aiki, ku kuwa kuna da kwamfuta da editoci da sunayensu suka cika shafin farko.

Ga abin da nake nema. Ku buga takardar gyara ku aika wa duk makarantar da ta sayi littafin, kafin yara su shiga jarrabawar ƙarshen zango, ku kuma saka ta a shafinku na intanet. A bugu na gaba a gyara rubutun kalmar, a cire wancan akwatin ko a zuba masa bayanin gaskiya, a sake warware misalin tare da amsoshin da ke bayan littafin, domin su ma da gurguwar hanyar aka yi su. Sauran babobin kuma a ba malamin da ke tsaye gaban aji ya duba su layi-layi. Idan zango ya ƙare ba mu ji daga gare ku ba, zan ba hukumar makarantarmu shawarar a sauya littafi baɗi.

Na gode, a huta lafiya.

Naku,
Malamin lissafi, sashen kimiyya