Edita, haɗa eriya mai sauƙi ne, rabon ne abin dubawa

Assalamu alaikum Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Don Allah a ɗan ba ni fili in tofa albarkacin bakina kan maganar nan ta kamfanonin waya su riƙa haɗa kayan aiki, don na lura duk sanda aka tashi zancen sai a tsaya kan turke kawai, wai kamfani biyu ko uku su rataya eriyoyinsu a ƙarfe ɗaya su raba kuɗin wuta da na gadi shikenan an gama. To ai wannan shi ne mai sauƙin. Inda gizo ke saƙar shi ne zangon iskar da sabis ɗin ke bi, wa zai samu nawa, kuma a wane lokaci.

Mutane da yawa in suka ga sandunan sabis sun cika a waya amma bidiyo ya ƙi buɗewa sai su ce wayar ce ta lalace, alhali sandunan nan ƙarfin siginar kawai suke nunawa, ba sa gaya maka mutum nawa kuke rububin eriya ɗaya. A tsarin 4G, zango mai faɗin megahaz 20 (megahaz shi ne ma'aunin faɗin zango) ana yanka shi gida 100 ne, kuma akwai manhaja a tashar eriyar da take sake rabon gidajen nan sau 1000 a duk sakan ɗaya, wayarka kuma tana ta aika mata rahoto cewa ga yadda nake jin ki, sai ta duba wa ke kusa wa ke nesa, wa ya daɗe bai samu ba, wa ke kira wa ke sauke fim, ta raba. Kaga kenan tun asali ma rabon ba a tsaye yake ba ko da kamfani ɗaya ne ke da eriyar.

To yanzu a ce kamfani biyu ne. Akwai haɗin da ake ce wa MORAN, na'urori ɗaya amma kowa da zangonsa, ba mai taɓa na wani. Akwai kuma MOCN inda ake zuba zangon wuri ɗaya kowa ya ɗiba. Ni dai a ganina na farkon akwai asara a cikinsa, kamar titi ne aka raba biyu da shinge, ɓangare ɗaya motoci sun cunkushe ana ta hon ɗayan kuma wayam, kuma an hana tsallakawa. Zangon iska ba a adana shi, sakan ɗin da ya wuce ba a yi amfani da shi ba ya tafi kenan. Kuma buƙata ba ta zama wuri guda, da rana unguwar ofisoshi ce ke cika, da dare ta koma unguwar gidaje, ranar wasa kuma filin ƙwallo ya kwashe komai na ɗan lokaci, to don me za a kafe rabo a takarda a ce rabi da rabi har abada?

Kuma ba sabon abu ba ne fa. A Suwidin tun 2001 kamfanonin Telia da Tele2 suka haɗu suka gina 3G tare, a Sin kuma China Telecom da China Unicom suka yi yarjejeniyar gina 5G tare a 2019. Wanda ya fi burge ni shi ne na Amurka, FirstNet, da aka ba kamfanin AT&T kwangilarsa a 2017. An ware megahaz 20 don 'yan kwana-kwana da 'yan sanda da masu motar asibiti, amma ba a kulle shi an ajiye ba, in babu abin gaggawa jama'a na hawa kai, da zarar wani abu ya faru sai tsarin ya matsar da su ya ba masu ceto hanya. A 5G ma abin ya ƙara faɗi, ana iya yanka netwok ɗaya kashi-kashi kowane da ƙa'idarsa, har ma 4G da 5G su riƙa karɓa-karɓa a zango ɗaya gwargwadon irin wayoyin da ke wurin.

Amma fa Edita ga inda nake da fargaba, kuma shi ya sa na rubuto. Manhajar nan da ke rabo ba mala'ika ba ce, mutum ne ya saita ta, kuma galibi mai na'urar shi ke riƙe da saitin. Idan babban kamfani ne mai masauki ƙaramin kuma haya yake, ranar da cunkoso ya yi tsanani kwastoman wa kake jin za a fara matsewa? Shi kuma bawan Allah mai layin ƙaramin kamfanin bai san komai ba, zai zagi kamfaninsa ne ya jefar da sim ya koma wajen babban, a hankali gasa ta mutu farashi ya tashi. Ga kuma matsalar in tashar ta ɗauke to layukan duka sun ɗauke tare, mai sim biyu don ko-ta-kwana ma bai tsira ba.

Don haka ni abin da nake so hukumomin da ke sa ido kan sadarwa su yi shi ne kada su tsaya kan sa hannu a yarjejeniya kawai. A tilasta wa kowane kamfani a ba shi kason da ba za a taɓa masa ba komai cunkoso, rarar da ke sama ita ce za ta riƙa yawo ga mai buƙata, kiran gaggawa kuma ya zama gaba da komai. Sannan a riƙa auna gudun data na kowane layi a eriya ɗaya a lokacin da jama'a suka fi yawa, a wallafa sakamakon kowa ya gani, don da alƙaluma ne kawai za a gane ko ana fifita wani.

In da hali Edita ku gayyato injiniyan sadarwa da wani daga hukuma ku yi musu tambayar nan kai tsaye, wa ke riƙe da saitin rabo, kuma wa ke bincikarsa. Na gode.

Naka, mai bibiyar jaridarku.