Mu tuna da Myles Munroe

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon ɗan fili in tuna da Myles Munroe, faston Bahamas da ya zama mai ba gwamnatoci da kamfanoni shawara kan shugabanci. Ya rasu ranar 9 ga Nuwamba, 2014, tare da matarsa Ruth, a hatsarin jirgin sama a birnin Freeport na ƙasar Bahamas, suna hanyar taron shugabanni da shi ya shirya.

Abin da ya fi ratsa ni shi ne nacinsa cewa shugaba ya horar da magajinsa tun yana kan kujera. Ƙungiyoyinmu da yawa, na addini da na kasuwanci, kan watse da zarar mai kafa su ya kwanta dama. Don Allah jaridarku ta faɗaɗa mana wannan koyarwa tasa.

Naku,
Mai karatu daga Jos