Masu haɗa lemo a unguwa, ku riƙa faɗa mana abin da ke cikin kofi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan ƙananan wuraren shan lemo da suka yawaita a unguwanninmu na Kaduna, irin waɗanda matasa ke buɗewa da firji ɗaya, injin markaɗe da 'yan kujeru. Na daɗe ina aiki a sashen haɗa abin sha na wani otal kafin in ajiye aiki, saboda haka maganar sana'ata zan yi.

Ina farin ciki da waɗannan wurare ƙwarai. Akwai wani a nan Tudun Wada, na wani yaro da ƙanwarsa, da nake zuwa bayan sallar isha'i. Bencuna ne a ƙarƙashin darbejiya, an yayyafa wa ƙasa ruwa an share, fitilar sola ce a rataye, rediyo na magana ƙasa-ƙasa yadda za ka ji abin da na kusa da kai ke faɗa. Ɗan acaɓa ya zauna, malamin makaranta ya zauna, dattijo ya zo a tashi a ba shi wuri a ce "Baba, me za a kawo?" Ba shisha, ba wanda zai dube ka don kofi ɗaya ka saya ka daɗe kana hira. Kunun ayarsu sau biyu suke yi a rana, domin sun san aya ba ta jure zafi, da ta daɗe a waje sai ta yi tsami. Zoɓonsu da citta da kanumfari da ɓawon abarba ake dafa shi, in ka kurɓa za ka ji yajin cittar a maƙogwaro, ba zaƙi kaɗai ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne Chapman. Yanzu kusan kowane shago ya rubuta shi a allo, yara da matan aure suna saya, masu biki suna yin odarsa. Haɗi ne na nan gida Najeriya, an fi danganta asalinsa da Ikoyi Club na Legas. Yadda aka koya mana shi: Fanta da Sprite, jan ruwan sukari da ake kira grenadine, lemon tsami, yankakkiyar kokwamba, ƙanƙara, sannan a ɗiga Angostura. Wannan na ƙarshen shi ne 'yar kwalbar nan mai murfi ruwan ɗorawa da takarda da ta yi wa kwalbar girma. Wani likita Bajamushe mai suna Johann Siegert ya fara haɗa shi a 1824 a garin Angostura na ƙasar Venezuela, a matsayin maganin ciki, yau kuma a Trinidad ake yin sa. Barasar da ke cikinsa kashi 44.7 ce cikin ɗari, an rubuta a jikin kwalbar. Ta fi ta yawancin wuski ƙarfi.

Gaskiya ne ɗigo kaɗan ake sakawa, kuma ba wanda kofin Chapman zai bugar. Hukuncin ɗigon nan a addini aikin malamanmu ne, ni ba malami ba ne. Amma haƙƙin mai saye ne a gaya masa. Na tsaya a wani shago na ga yaron da ke haɗi yana girgiza kwalbar nan a kofin wata Hajiya da ta zo da jikokinta. Na tambaye shi ko ya san abin da ke ciki, ya ce maigidansa ya ce masa kayan ƙamshi ne. Na juya masa kwalbar ya karanta da kansa, sai jikinsa ya yi sanyi. Ba mugunta ya yi ba, a waya ya ga yadda ake haɗawa ya kwaikwaya. Da yawansu haka suke.

Kuma ba dole ne sai da ita ba. Aikin Angostura a kofi shi ne ta kawo ɗan ɗaci da ƙamshi ta karya zaƙin lemon kwalba. Ɓawon lemon zaƙi da aka dafa da kanumfari da kirfa da 'yar citta, aka tace aka bari ya huce, zai yi wannan aikin. Jan launin ma, ruwan zoɓo mai kauri ya fi grenadine ɗin kasuwa, wanda asalinsa da rumman ake yi amma yawancin na yanzu sukari ne da kala. Abin yana min ciwo: soɓorodon da manoman Jigawa ke nomawa ana lodinsa zuwa Meziko su yi abin shansu da shi, mutanen Balansiya a Sifaniya sun mayar da kunun aya abin alfaharin garinsu, mu kuma da muke da su a bakin ƙofa muna sayen kala a kwalba.

Sai ƙanƙara. Mai shago zai sayi abarba mai kyau ya wanke kofi tsaf, sannan ya fasa bulon ƙanƙarar da aka kawo a buhu a bayan babur, bai san da wane ruwa aka yi ta ba, ya zuba a ciki. Sanyi ba ya kashe ƙwayar taifot ko kwalara. Ƙanƙarar bulo ta sanyaya kwalabe ce daga waje. Wadda za ta shiga kofi a daskarar da ita da ruwan da mai shagon zai yarda ɗansa ya sha. Ina kira ga duba-gari na ƙananan hukumomi su riƙa leƙawa, su koyar kafin su ci tara, domin yaran nan neman halali suke yi.

Sukari kuma a rage, ko a tambayi mutum kafin a zuba. Masu ciwon suga a cikinmu ba kaɗan ba ne. Masu ajiye janareta kusa da benci da masu ƙure sautin kiɗa har cikin dare su tuna maƙwabta na barci, kuma yawancinmu hira ce ta fito da mu.

Roƙona ga duk mai irin wannan shago: ka samu allo ka rubuta da Hausa abin da ke cikin kowane haɗi. In kana saka Angostura ka rubuta, ka kuma tanadi wanda babu ita ga mai so. Na nuna wa yaron nan na Tudun Wada haɗin ɓawon lemo, yanzu da shi yake yi, cinikinsa bai ragu ba.

Na gode, Allah Ya ƙara wa jaridarmu albarka.

Naka,
Tsohon ma'aikacin otal,
Tudun Wada, Kaduna.