Rahoton ayyukan shekara na ƙungiyarmu ta ɗaliban fisiyoloji

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi. Ga abin da muka yi bana, wanda bai samu zuwa mitin ɗin ƙarshe ba sai ya karanta a nan.

Yawancin zaman karatunmu na ranar Asabar a kan abu ɗaya ya tafi, wato yadda sinadaran cikin abinci ke taɓa hawan jini a dabbobin gwaji. Mun fi daɗewa a kan aikin Lewis Dahl na cibiyar bincike ta Brookhaven a Amurka, wanda a 1962 ya ware ɓeraye gida biyu, duk abinci ɗaya ake ba su mai gishiri kashi 8 cikin ɗari amma gida ɗaya jininsu ya hau sosai, ɗayan kuwa ko gezau, daga baya da aka riƙa musanya musu ƙoda sai aka ga hawan jinin na bin ƙodar. Gaskiya nan ne da yawanmu suka gane cewa gishiri ba ya aiki shi kaɗai, akwai gado a ciki kuma ƙoda ce ke riƙe da ragamar. Mun taɓa ɓerayen Okamoto da Aoki na Kyoto a Japan, 1963, masu hawan jini ba tare da an ba su komai ba, sai binciken su Reaven na 1987 da ya nuna cika wa ɓera sukarin furuktos na ɗaga jininsa. Fotasiyam kam mun wuce shi da sauri, za a dawo kansa.

Mun kuma je gidan dabbobin gwaji an koya mana awon hawan jinin ɓera ta wutsiya. Aikin na son haƙuri wallahi, sai an ɗumama ɓeran an saba masa da akwatin da ake sa shi ciki lokacin awon tukuna, in ba haka ba tsoronsa kawai za ka auna. Ɗauke wuta ya ɓata mana wasu ranakun.

Zoɓo ya jawo muhawara mai zafi. Eh, an gwada shi a jami'o'in Najeriya an ga yana sauke jinin ɓeraye masu hawan jini, amma don Allah kar wani ya koma gida ya ce wa Baba ya ajiye maganinsa, adadin da ake ba ɓera daban yake da kofin da muke sha. Abin da za ku iya faɗa da ƙwarin gwiwa shi ne shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya, gishiri ƙasa da giram 5 a rana, har da na cikin dunƙulen miya.

Kuɗin wata har yanzu wasu ba su biya ba, ma'aji na jira.

Baɗi in Allah ya kai mu kanwa muke son gwadawa, tunda ita ma sodiyam ce fal kamar gishiri kuma tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta kunun kanwa da ciwon zuciyar masu jego. Ba za mu taɓa ɓera ko ɗaya ba sai kwamitin kula da dabbobin gwaji ya amince. Mai son shiga ya ba da sunansa kafin hutu.

Sakatare